Na San Babu Motar, Na Rubuta wa Aminin Mahaifina Rasit

Assalamu alaikum Malam Edita, da kai da masu taya ka aiki, da duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, ko da idonshi ya karanta ko karanta mashi aka yi a zaure. Allah ya sa kuna lafiya da iyalanku. Ban sa sunana ba, kuma sunayen mutanen da za ku gani a ciki duk na sauya su. Na san wanda ya san garinmu sosai yana iya gane ni, amma masu karanta jarida a wurinmu ba su da yawa, kuma galibi ni ke karanta wa sauran. Don girman Allah ku yi mani a hankali. Duk zagin da za ku yi mani na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi, yau shekara biyu da 'yan watanni. Shawara nake nema, kuma lokacin da ya rage mani kaɗan ne.

Ni mutumin Kurfi ne, nan aka haife ni, nan na yi aure, 'ya'yana uku. Noma nake yi kamar kowa, sai dai da aka buɗe ajin manya na yaƙi da jahilci na shiga, Allah kuma ya ba ni hannu mai kyau, har malaminmu yakan ɗaga takardata ya nuna wa saura. Daga nan na samu 'yar sana'a. Ranar kasuwa sai in shimfiɗa tabarma gindin wani durumi kusa da inda motoci ke tsayawa, da alƙalami da kwalbar tawada, wanda ke da ɗa a soja ko ɗan'uwa a kurmi ya zo in rubuta mashi wasiƙa, wanda aka aiko wa ya kawo in karanta. Ina jin asirin mutane iri-iri kuma ban taɓa fitar da na kowa ba. Da haka aka san ni, da haka ake ce mani Malam alhali karatuna bai kai ya kawo ba.

Da rani, bayan an gama awon gyaɗa, wani baƙo ya sauka garinmu. Dogo ne, wankan tarwaɗa, da farar riga mai guga da agogo a hannu da alƙalami a aljihun gaba. Ya ce shi wakilin wani kamfanin jigila ne mai motoci biyar, an turo shi ya buɗe masu hanya tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma da sauran garuruwa. Duk mai ƙaura, ko mai kayan da suka fi ƙarfin jaki, ya ba da rabin kuɗin shata kafin alƙalami, a ba shi rasit, a sa rana, mota ta zo har inda yake. Kowa Wakili yake ce mashi, ni ma ban san wani suna nashi ba bayan wannan. Ya zo wurina da littafin rasit da hatimi, ya ce idonshi ba ya son ƙananan rubutu, in riƙa cike mashi takardun ina buga hatimin, kowace ɗaya sisi. Wa zai ƙi? Wasiƙar da zan cika shafi biyu kwabo uku ake ba ni, wannan kuwa layi huɗu ce. Kuma wallahi a lokacin ban ga komai ba. Na farko da ya ba da kuɗi wani malamin makaranta ne da aka yi wa canji, ranar da aka sa mota ta zo, ta kwashe shi da iyalinshi da gadonshi na ƙarfe. Na biyu wani mai fatu ne, shi ma mota ta zo, ko awa ɗaya ba ta makara ba. Daga nan sai mutane suka sake. Har sukan ce ai tunda Malam ne ke rubutawa babu wata matsala, ni kuma in ji daɗi, in gyara zama.

Da bazara ta kama na tafi Dutsin-Ma sayen takarda. A tasha na hangi motar nan da ta zo garinmu sau biyu, na gane ta da koren katakon jikinta, direban yana zaune a inuwarta yana cin tuwo. Na gaishe shi, na ce ina labarin sauran motocin kamfaninku, ga mutanenmu da yawa suna jiran ranarsu. Sai ya tsaya da loma a hannu ya dube ni, ya ce wane kamfani? Motar nan ta wani attajiri ce a Katsina, ita kaɗai gare shi. Mutumin mai farar riga tare shi ya yi a hanya sau biyu, ya biya shi kuɗin lodi a hannu, har ma ya biya fiye da yadda ake biya, kuma tun ran nan bai ƙara ganinshi ba. Ya ce shi bai san da wata rana da aka sa wa kowa ba. Sannan ya ci gaba da cin tuwonshi, ya ce in ina da kuɗi wurin mutumin in yi maza in karɓa. Malam Edita, a ranar akwai rasit shida a hannun mutane da rubutuna a jiki, duk ranakunsu a jere cikin sati biyu masu zuwa. Ban san yadda na iso gida ba.

Me ya hana ni wucewa kai tsaye gidan mai gari? Wannan tambayar nake yi wa kaina kullum. Na ce bari in fara jin ta bakinshi, ko akwai abin da direban bai sani ba. Kashegari da la'asar na same shi bayan rumfunan masu gishiri, na gaya mashi duk abin da na ji. Bai ko girgiza ba. Ya ciro littafin rasit ya buɗe a gabana, ya yi ta juya shafi a hankali.

"Malam, nuna mani inda hannuna yake a cikin nan," in ji shi. "Ni ko baƙi ɗaya ban sani ba, alƙalamin nan na ado ne. Kai ka rubuta, kai ka buga hatimi, kai mutanen gari suka sani. In ka yi magana yau, ni ƙafa gare ni. Kai kau gida gare ka."

Daga nan sai ya sassauta murya, ya ce ai ba cuta ya yi niyya ba, kuɗin ne suka shige wata harka, kasuwa ɗaya kawai yake so ya ƙara ci, da ya haɗa abin da ya samu zai yi hayar mota ya sallami kowa. Ya biyo ni har gindin durumi yana wannan magana, ya ɗaga kwalbar tawadata ya sa takardar fam guda ƙarƙashinta, ya tafi. Ban taɓa ta ba yana kallo. Da ya sha kwana na ɗauka na sa aljihu. Ba zan ɓoye maku ba, ban yarda da maganar sallamar kowa ba ko na minti ɗaya, na dai riƙe ta ne don in samu abin gaya wa zuciyata. Tsoro ya kama ni, gaskiya ne, amma tsoro bai sa hannuna ƙarƙashin kwalba ba. Da fam ɗin na sayi irin gyaɗa, na sayi nama muka ci kwana biyu, mai ɗakina tana ta sa wa sana'ata albarka. Gyaɗar ma ta yi kyau a shekarar fiye da ta kowa a gefenmu, kuma duk buhun da na ɗaga sai in ji kamar wani ke kallona.

Ranar kasuwar da ta biyo na rubuta rasit uku. Biyu daga ciki mutanen ƙauye ne da na sani sama-sama, Allah ya yafe mani, amma na ukun shi ne abin da ya hana ni sakat. Zan kira shi Baba Audu. Maƙeri ne a Ɗantutture, kuma aminin mahaifina ne tun suna yara. Da mahaifina ya rasu ban kai shekara goma sha biyar ba, kowace kaka sai Baba Audu ya ɗoro dami a jaki ya kawo wa mahaifiyata, bai fasa ba sai da na iya riƙe gona. Da zan yi aure shi ya shiga gaba ya nema mani. Shi bai da ɗa namiji a raye, 'ya'yanshi mata sun yi aure nesa, daga shi sai matarshi Inna Tabawa, wadda ƙafafunta suka fara kumbura. Wani tsohon mai cinikinshi ya samo mashi rumfa a kasuwar Dutsin-Ma da ɗaki biyu kusa da ɗakin shan magani, ga shi kuma manoman wajen Dabawa sun fara kama garmar shanu, ana neman mai gyara. Sai ya yanke shawarar ƙaura kafin ruwa ya sauka. Ya bar wa ɗan ƙanenshi gidan, ya sayar da awakin Inna, ya zo neman mota don Inna ba za ta iya doguwar tafiya bisa jaki ba.

Sai na hange shi ya nufo durumi tare da Wakili. Na tashi na durƙusa na gaishe shi, ya zauna bakin tabarma, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ya kwance ƙullin tsumma, sulalla ne da sisi-sisi, fam uku cif, rabin kuɗin shata. Bai miƙa wa Wakili ba. Ya riƙe a hannu ya juyo wurina.

"Ɗana, ni ban san takarda ba, kuma ban san mutumin nan ba, kai na sani. Ka san shi?"

Wakili yana tsaye bayanshi yana duba agogo. Na ce, "Na san shi, Baba."

Ya ce to shi ke nan, ya zuba kuɗin a hannun Wakili. Na rubuta sunanshi, na rubuta ranar Asabar, na buga hatimi, na hura tawadar ta bushe, na ninke na ba shi da hannu biyu. Jama'a, da cewa kawai na yi, Baba bari sai kasuwa mai zuwa, da ya mayar da tsummanshi aljihu bai tambaye ni dalili ba. Da na ce tawada ta ƙare ma ya isa. Kalma nawa ce? Har ina ji Wakili yana ba shi shawara ya sa a sussuke geronshi duka a zuba a buhu, wai dami na cin wuri a mota, ban hana ba. Da zai tafi ya ajiye mani goro biyu a tabarma. Wakili kuwa tun kafin kasuwa ta watse ya yi layar zana, a masaukinshi ba a samu komai ba sai tsohuwar tabarma.

Ranar Asabar Baba Audu ya sa aka fito da kayanshi bakin hanya, nesa da gari kaɗan, don mota ba ta iya shiga Ɗantutture. Ya tayar da maƙera, ya kwashe rumbu kaf. Ranar Lahadi na kasa zama, na ari keke na tafi, ban san abin da zan je yi ba. Na tarar da buhunan gero a jere, da uwar maƙera da zugazugai da su masaba da awartaki a ɗaure, da tukwane da turmi, an kafa wa Inna zana guda tana zaune a inuwarta ta miƙe ƙafafu. Ta dama mani fura a ƙwarya tana ba ni haƙuri wai na zo ba ta da wurin saukar baƙo. Baba Audu yana ta duban hanya, ya ce mani kada in damu, wataƙila motar ce ta lalace, ƙarfe ne, shi ya san halin ƙarfe. Na ce haka ne Baba. Na sha furar nan har ƙasa. Ko a ranar da na ce mashi ya mayar da geron cikin gari, da abin ya tsaya a fam uku. Amma in na faɗi haka zai ce ta yaya na sani, sai na hau keke na dawo.

Ranar Litinin da azahar hadari ya taso daga gabas, ruwan farko na shekara, da iska mai ƙarfi. Mutanen gari sun rugo su taimaka, amma kafin a kai rabin buhunan ƙarƙashin rufi ruwa ya gama da su. An shanya, an juya, duk da haka yawancin geron ya yi tsami ya yi baƙi, ko kaji sai sun zaɓa. Abincin shekara guda ke nan na tsofaffi biyu. Daga baya da jakuna aka yi ta jigilar abin da ya rage, Inna kuma aka ɗora ta bisa jaki yini guda cikin zafin bazara. Tun da aka sauke ta a Dutsin-Ma ba ta ƙara tsayawa da ƙafarta ba. Malamin asibiti ya ce ciwon dama yana tafe, ba lalle tafiyar ce ta jawo ba. Ni dai na san abin da na sani.

Ba a yi sati da saukarsu Dutsin-Ma ba masu rasit suka taru a kaina, 'yan doka suka kai ni gaban alƙali. Na ce ni ɗan haya ne, sisi ake ba ni, ban san cikin mutumin ba. Wani mai gyaɗa da ya yi asarar fam biyu ya ce shi bai yarda ba, wanda ya zauna da mutum wata uku ba zai ce bai ga komai ba, sai dai in rantse. Alƙali ya ce a ɗauko Alƙur'ani, ni kuma in je in yi alwala. Na je bayan ɗakin shari'a da buta na yi alwala. Har yau ban san ko da zan dafa Alƙur'anin ba. Wani lokaci in ce da ba zan iya ba, wani lokaci in tuna na riga na iya abubuwan da ban taɓa zato ba. Ina dawowa na tarar da Baba Audu tsaye a tsakiyar ɗaki, ƙafafunshi fari fat da ƙasa, ashe labari ya same shi tun jiya, ya yi sammako ya tako daga Dutsin-Ma. Ya nemi izini ya yi magana.

"Allah ya gafarta Malam, duk cikin nan ba wanda ya yi asarar da na yi. Wannan ɗan aminina ne, a gabana ya girma. In da ya san da cuta, ko ya rubuta wa duniya ba zai rubuta mani ba. Yadda aka cuce mu haka aka cuce shi. Ni na yafe rantsuwar, kuma ina roƙon 'yan'uwana su yafe."

Mai gyaɗa ya sunkuyar da kai ya ce tunda Baba ya faɗi haka shi ma ya bari, sauran suka bi. Alƙali ya yi mani faɗa kan rubuta wa baƙo takarda ba tare da bincike ba, ya sallame ni. A waje Baba Audu ya dafa kafaɗata ya ce in daina kuka, Allah na tare da mai gaskiya. Shi a zatonshi kukan wanda aka zalunta nake yi.

Kafin tsakiyar damina abinci ya ƙare masu. Ya sayar da uwar maƙerarshi, wadda ya gada wurin kakanshi, ya saki rumfar da aka samo mashi. Yanzu a maƙerar wani yake aiki, wanda a haife ya haife shi, yana yi mashi zuga da wasa lauje, a ba shi abin da aka ba shi da yamma. Ni kuma kowace kaka nakan kai masu gero, in ce zumunci ne. Ba ya karɓa haka nan, sai ya ƙera mani fartanya ko wuƙa da guntun ƙarfen da ya roƙa, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ba shi labarin ɗan amininshi ɗan halak, wanda bai manta da su ba. Sau ɗaya na tafi takanas don in faɗa mashi. Na shiga na gaida Inna, ta jawo jiki da hannu ta zo bakin ƙofa, ta kama yi mani addu'a, Allah ya ba ni masu yi mani yadda nake yi masu. Na ce amin da baki, a zuciya ina cewa ya Allah kada ka karɓa. Na fito ban faɗa ba.

Wani abin da ke ƙara ci mani rai shi ne yanzu ni mutane ke tambaya in za su ɗauki shatar mota. Nakan ce masu kada su ba kowa ko kwabo sai sun ga motar da idonsu sun san mai ita da garinshi, su je wurin sarkin tasha su tambaya, in ma dole sai an ba da kafin alƙalami a bayar a gabanshi, kuma kaɗan, sauran sai kaya sun sauka. Nakan ce takarda mai hatimi ba shaida ba ce, hatimi ko da guntun roba ana sassaƙa shi, kuma zuwan mota sau ɗaya ko sau biyu ba ya nuna gaskiyar mutum, mai kamun kifi ma sai ya fara zuba tsaki. Sai su ce Malam ya ga jiya, wahala ta koya mashi. Shawarar gaskiya ce, ku ma masu karatu ku riƙe ta. Amma da wane baki nake ba da ita?

To ga abin da ya sa na rubuto. Satin da ya wuce Baba Audu ya zo Kurfi da wata takarda da ɗan doka ya kai mashi, ya ce in karanta. An kama Wakili a wani gari can kudu da mu yana irin wannan sana'a da wani suna, wani direba ne ya gane shi. A jakarshi an samu tsohon littafin rasit da sunayen mutanenmu. Ana kiran duk mai rasit ya zo kotu a Katsina da takardarshi, ana kuma kiran wanda ya rubuta. Da idona ya kai wannan layin na so in tsallake shi, wa zai sani? Amma na karanta. Baba Audu ya yi hamdala. Ya ce shi ba kuɗin yake bi ba, ya san sun tafi. Abin da yake so shi ne mutumin ya faɗa da bakinshi gaban hukuma cewa ni ban san komai ba, don har yanzu akwai masu gunaguni a bayan idona, yana so a wanke ni tas kafin ya mutu.

Na san abin da Wakili zai faɗa. Mutumin da ya ce mani shi ƙafa gare shi, yau da ƙafar ta shiga mari, zai rufa mani asiri? Zai faɗi fam ɗin, zai faɗi ranar, zai faɗi cewa rasit ukun ƙarshe da sanina na rubuta su. Ina iya musantawa, in ce maganar ɓarawo ce, kuma Baba Audu zai sake tashi ya tsaya mani, wannan ba na shakka. Amma ban san ko direban da ya gane shi shi ne wanda na tarar yana cin tuwo ba, in kuwa shi ne, yana iya tuna fuskata da abin da ya gaya mani. Ko ba shi ba ne, wannan karon ba na jin akwai mai hana a ba ni Alƙur'ani. Na yi tunanin gudu, dangin mahaifiyata suna Maraɗi, amma in bar mata da 'ya'ya uku wa? Kuma gudun kanshi ai amsa laifi ne, sai dai Baba ya ji a bakin 'yan kasuwa. Na tambayi wani malami a kaikaice, kamar labarin wani nake ba shi, ya ce haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, sai an mayar an nemi yafiya. Fam uku ina iya sayar da gyaɗa in mayar. Uwar maƙerar fa? Ƙafar Inna fa? Kuma in na faɗa mashi, ba asirina kaɗai na tona ba, na mayar da dattijon da bai taɓa ƙarya ba mai shaidar zur gaban alƙali da mutanen da suka yafe saboda girmanshi. Tsoho ne, ƙarfinshi ya ƙare, ina tsoron abin da maganar za ta yi mashi. Ko kuwa wannan ma wata dabara ce zuciyata ke yi don in sake yin shiru? Wallahi na kasa bambancewa. Mai ɗakina ba ta san komai ba, tana ganin na rame tana cewa ciwon shawara ne, tana dafa mani saiwoyi.

Sati huɗu suka rage. Jiya wani mai zuwa daga Dutsin-Ma ya kawo mani saƙon Baba Audu, ya ce in kwana wurinsu ana gobe za a tafi, Inna za ta sa a yi mana tuwo, mu kama motar safe tare. Ya ce kuma kada in damu da kuɗin mota, ya riga ya biya mana mu biyu, tun ranar da takardar ta zo yake tarawa daga ladan zuga.

Malam Edita, iyayena da 'yan'uwana masu karatu, in same shi tun yanzu in durƙusa in faɗa mashi da bakina, ko in bari mu zauna kujera ɗaya har Katsina ya ji a bakin Wakili? Don Allah ku gaya mani, ni yanzu me zan yi?